Garwashin da Kulu Ta Ɗebo

Kwana tara bayan gobarar da ta cinye unguwar Ƙofar Dundaye, da hantsi, Kulu ta tsaya a bakin kangon gidan Dijatu da kasko a hannu. Gidan ba shi da ƙofa kuma, ba shi da danga, sai zana biyu da aka jingina da ragowar bango don a sami inuwa, saboda haka tun daga nesa aka hango ta. Dijatu tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta. Tsohuwa ce da ta ba sittin baya, ita ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, har da Lantana, 'yar Kulu mai shekara biyar, wadda ke maƙale da zanen uwarta.

"Gwaggo, ina kwana," in ji Kulu. "Garwashi guda nika so. Ba don ni ba, don ɗiyar ga. Kwana tara ba ta sha abu mai zahi ba."

Dijatu ba ta amsa gaisuwar ba. Ta gama hura wutarta, ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki sakaina ta kamfato toka daga gindin murhu. Kulu ta miƙa kasko, tana tsammanin an ji tausayinta. Tokar a ƙirjinta ta sauka. Ta juya da sauri ta kare yarinyar da jikinta, sai tsohuwar ta fizge kaskon ta buga mata a ƙeya, ya rabe biyu.

"Na ba ki sau guda," in ji Dijatu, muryarta ba ta ko rawa. "Na ga abin da kinka yi da shi. Jikata Sadiyatu tana cikin ƙasa. In kinka sake tako gidan ga, ruwan zahi za ni ba ki."

Matan maƙwabta suna kallo. Babu wadda ta ce a bari, babu kuma wadda ta yi dariya. Kulu ta tsince ɓarin kaskon biyu, don ba ta da wani, ta kama hannun 'yarta suka koma, jini yana bin wuyanta yana shiga zane.

A wancan zamani, shekara biyu da shigar Nasara Sakkwato, ba kowane gida ke da ƙyastu ba. Matar da wutarta ta mutu sai ta ɗauki kasko ta shiga maƙwabta, a zuba mata garwashi, a rufe shi da toka saboda iska. Ba a hana wuta. Ko wadda kuka yi cacar baki jiya ba ta hana ki yau. Wata ranar Talata cikin bazara, gab da azahar, iska tana kaɗawa daga gabas, Kulu ta tsallaka lungu daga gidan Dijatu da kaskonta. Mutum bakwai suka gan ta. Ba a jima ba wuta ta tashi daga kusurwar da ɗakinta ya haɗa danga da gidan Illo, wan mijinta. Kafin la'asar gida ɗari da goma sha huɗu sun zama toka. An rasa mutum tara, shida daga ciki yara ne.

Mijin Kulu, Jibrin baduku, ya rasu ne ranar yaƙin da aka yi da Nasara a bayan ganuwa. Tun daga lokacin koko take damawa tana sayarwa, da shi take ci da kanta da 'yarta a ɗakin da ya bar mata. Illo kuwa fataucin gishiri da kanwa yake yi zuwa ƙauyukan bakin daji, mutum ne mai murya a unguwa, kuma shi ya fara kiran sunanta, a kangon masallaci, tun ba a gama binne yaran ba. Ya nuna hannunsa na hagu naɗe da tsumma har gwiwa, ya ce wajen yaye jinkar mutane ya ƙone, alhali wadda ta jawo masifar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Mai unguwa ya sa aka kira ta. Ta durƙusa, ta rufe fuska da gefen zane.

"Ranka shi daɗe, ban ko hura shi ba. Ina tsugunne ina karya kara sai nij ji fuu bayan danga, wajen gidan Yaya, kamar an kaɗa babban zane. Da na ɗaga kai, jinka ta kama..."

Ba ta ƙarasa ba. Illo ya tsallake mutum biyu ya mare ta da hannun dama, har kanta ya bugi bango. "Ni za ki laƙa ma? Ni da na ci da ke bayan ƙanena ya mutu?" Bai taɓa ba ta ko mudun gero ba, kowa ya sani, amma babu wanda ya gyara masa zance. Mai unguwa ya yanke cewa kada hayaƙi ya sake tashi daga kangon Kulu, kada kuma kowa ya ba ta wuta, har a ga abin da alƙali zai ce.

Unguwar ta shiga wani hali da waɗanda suka gani ba su son tunawa. Mutane suna kwana ƙarƙashin zana da ganyen darbejiya. Dawar da aka tono daga ƙonannun rumbuna ta yi baƙi, tuwonta ɗaci, warinta yana bin mutum har cikin gumi. Rijiyoyi sun cika da toka da gawar kaji. Mata suna wuni suna tankaɗe toka da rariya, suna neman dutsen wuya, allura, ko bakin wuƙa. Mazan da ya kamata su fara kwaɓa ƙasa kafin damina sai su zauna gindin tsamiyar da ta rage, ba masu hira, ba masu zuwa kasuwa. In an ce a yi gayya a ɗora jinka, sai wani ya ce, "A ɗora don wa? Bara waccan Nasara, bana wuta. Baɗi kuma mi?" Ladan yana kiran salla, sahu ba ya cika ɗaya. Maza suka koma dukan matansu a kan gishirin miya, 'yan'uwa biyu suka fasa wa juna kai a kan azara guda da ba ta gama ƙonewa ba. Abu ɗaya ne kawai unguwar ta haɗu a kansa ba gardama, shi ne sunan Kulu.

Mutum guda ne bai daina aikinsa ba. Arzika wanzami, dattijo mai ɗingishi, kullum da safe yakan shimfiɗa fatarsa gindin tsamiya, masu ƙuna su jeru, ya wanke, ya shafa zuma da garin bagaruwa, ya naɗe. Sau uku yana ce wa Illo ya kawo hannun a duba. Sau uku Illo yana cewa akwai waɗanda suka fi shi buƙata, mutane kuma suna yaba masa.

Da aka hana ta wuta, sana'ar Kulu ta tsaya. Takan jiƙa ƙonanniyar dawa ta daka ɗanya, ta dama da ruwa, ta ba Lantana. Cikin yarinyar ya ɓaci. Ranar sha biyu Kulu ta je rijiya guda da aka yashe a bakin masallaci. Ta jira kowa ya gama, ta zura guga. Wata mata da ta rasa tagwaye ta ce kada hannun nan ya taɓa igiyar da ake sha da ita. Dutsen farko da aka jefo ya sami tulunta, na biyu ya sami girarta, sauran ba ta ƙirga ba. Daga ranar sai gulbi take zuwa, tafiyar da ke cin rabin safiya, da ƙwarya a ka da yarinya a baya.

Washegari Illo ya shigo kangonta da igiyar guga a hannu.

"Kawo ta."

"Yaya, ina wuni. Wa za ni kawo?"

"Ɗiyar ƙanena. Jinin gidanmu ba shi tashi hannun mai kisan yara."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ita kaɗai gare ni. Ka san ban yi ba... kai ka hi kowa sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta jawo mata. Ya ninka igiyar biyu. Maƙwabta sun ce sun ji saukarta fiye da sau ashirin, kuma ba su ji Kulu ta yi ihu ba sai da ya ɓamɓare yatsun yarinyar daga wuyanta. Lantana tana kiran Inna, ya saɓa ta a kafaɗar dama ya fita. Kulu ta bi shi da rarrafe har bakin lungu, ya juyo ya sa mata ƙafa a ƙirji.

Tsakanin kangonta da na Illo taku goma sha biyar ne, kuma babu danga. Kwana uku tana jin kukan 'yarta. A na huɗu kukan ya ragu, a na shida ya tsaya. Takan zauna a inuwar ragowar bangonta inda za ta iya hango zanar da aka kewaye yarinyar da ita. In ta idar da salla ba ta roƙon a saka mata. Abin da aka ji tana cewa shi ne, "Ya Allah, Kai kag gani. Ban da shaida sai Kai. Ka maido mini ɗiyata, ko ba a wanke ni ba." Sai ta shafa, ta share ido da bakin zane, ta koma wurin zamanta.

Wata rana da tsakar rana Illo ya fita, Lantana ta leƙo bayan zana. Kulu ta taso a hankali ta miƙa mata hannu. Yarinyar ta dube ta, ta ja da baya, ta ruga ciki. Kulu ta tsaya da hannun a miƙe har wani lokaci. Duk dukan da aka yi mata bai kwantar da ita ba, amma ranar ba ta je gulbi ba, ba ta kuma ci komai ba.

Sai labari ya zo cewa muhuti, mataimakin alƙali, zai shigo unguwar ranar Asabar don jin bakin kowa. Illo ya tara dattawa gindin tsamiya. Ya ce in aka bar matar nan ta buɗe baki gaban muhuti za ta ambaci sunan mutanen kirki, magana ta kai bariki, soja su shigo su birkice abin da wuta ta rage. Gara a fitar da ita daga gari ranar Juma'a, a ce ta gudu, gudunta kuma ya zama shaida. Sunan bariki ya isa. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce to.

Ranar Juma'a, kwana ashirin da huɗu da gobara, bayan an sauko daga masallaci, aka tasa ƙeyarta. Ba ta da kayan ɗauka sai ƙwarya da tabarma rabi. Mutane kamar ɗari biyu suka bi ta zuwa ƙofar gari, maza a gaba, mata a baya, wasu da duwatsu. Illo ya taho da Lantana riƙe a hannun dama, ya ce a bar ta ta ga ƙarshen mugun hannu don kada ta gada.

Kulu ta kai bakin ƙofa. Ta taka waje taku biyu, ta tsaya. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, kamar mai shirin dawowa ta ɗauka, sannan ta juya ta nufi 'yarta da gudu.

Illo ya saki yarinyar, ya karɓi sanda daga hannun wani. Bugu na farko a kunnen hagu ya same ta, ta faɗi. Ta tashi a kan gwiwa, ya ƙara mata a kafaɗa. Ta ci gaba da jan jiki. Da ya ɗaga sandar karo na uku, ta kai hannu ta kama abin da ya fi kusa, bakin tsumman da ke lilo daga hannunsa na hagu. Ya fizga, ba ta saki ba. Ya shure ta a haƙarƙari, ya sake fizga da dukan ƙarfinsa. Tsumman ya warware zagaye uku, na huɗun ya taho da fata. Illo ya kurma ihu, ya yar da sanda, ya durƙushe. Warin da ya tashi ya sa na kusa suka toshe hanci.

Arzika ya kutso da ɗingishinsa, ba don wani zato ba, don dai hannu ne ruɓaɓɓe kuma shi wanzami ne. Ya kama wuyan hannun. Illo ya nemi ɓoyewa cikin riga, dattijon ya murɗe shi zuwa hasken rana. Ya daɗe yana dubawa.

"Illo, jinka kac ce ka yaye?"

"Sake ni, Baba."

"Mutum arba'in na wanke ma ƙunar jinka cikin watan ga. Jinka yatsu taka ci, da bayan hannu. Wanga ya ci tsakar tahin hannu, zagaye guda, sannan ya hau." Ya ɗaga murya kaɗan. "Waɗanda sunka tsaya bayan ganuwa ranar yaƙi, ku taho ku duba muna."

Maza biyar suka matso. Daga wuyan hannun har gwiwa, a inda fata ba ta ruɓe ba, akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fata, kamar an watsa kwalli. Ɗaya daga cikinsu ya naɗe hannun rigarsa ya jera damtsensa da na Illo. Iri ɗaya ne.

"Albarushi na," in ji Arzika. "Bayan yaƙin, kwana ukku na yi ina tsince irinai da allura daga jikin mutane. Kara ba shi yin haka, garwashi ba shi yin haka." Ya juya ga taron. Ya ce duk mai sayar wa maharba albarushi ya san yadda ake gwada shi: in ya sha laima a shanya a rana, a ɗebi kaɗan a tafin hagu, a kai masa tsinke mai wuta. Mai kyau yakan tashi bai taɓa fata ba. Amma ba a yi kusa da shanya, ba a kuma yi cikin iska.

"Ƙarya ta," in ji Illo. "Tsohon ga ya ruɗe."

Mai unguwa ya aiki mutum huɗu da fartanya su je su tona kangon Illo. Taron ya tsaya a rana, Kulu tana kwance a ƙasa jini yana fita daga kunnenta. Ba a daɗe ba suka dawo, biyu suna tallafe da tulu mai baki liƙe da fata, suna tafiya kamar masu ɗauke da jariri. A bayan ɗakin Illo suka tono shi, zira'i ɗaya a ƙasa, daidai inda yaran unguwa suka yi kwana ashirin da huɗu suna wasa. Aka yanka fatar. Cike yake da albarushi.

Mijin matar da ta rasa tagwaye shi ya fara kai wa Illo duka. Bayansa ba a iya cewa wane ne ya yi me ba. Duwatsun da aka ɗauko don Kulu duk a kansa suka ƙare. Da ƙyar mai unguwa da Arzika suka kwanta a kansa, suna cewa a bar wa shari'a, sannan aka ja shi zuwa gidan alƙali haƙora huɗu a zube, ido ɗaya a rufe. Tulun kuwa aka kai gulbi aka tuttular.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Illo ya amsa laifinsa gaban alƙali ranar Asabar. An yi masa bulala a bainar jama'a, aka kai shi gidan yari, inda hannun ya ci gaba da ruɓa har aka yanke shi daga gwiwa. Kayan fataucinsa aka sayar aka sayi kara da azara. Ranar Lahadi mazan da suka yi wata guda zaune gindin tsamiya suka tashi suka kwaɓa ƙasa, kuma ɗakin Kulu aka fara ɗora wa jinka.

Amma a ranar Juma'ar, bayan an tafi da Illo, sauran taron bai watse ba. Kulu ta tashi zaune. Lantana tana tsaye jikin ganuwa, ta haɗa hannaye a baya.

"Taho, ɗiyata."

Yarinyar ta girgiza kai. "Baffa yac ce ke kinka ƙone Sadiyatu. Yac ce in na zo wurinki ni ma ƙone ni za ki yi."

Kulu ta dube ta. Hawaye ne kawai suka gangaro suka haɗu da jinin da ke kumatunta.

Sai Dijatu ta fito daga cikin mata. Ta bar dutsen da ke hannunta ya faɗi. Ta taka har gaban yarinyar, ta durƙusa a kan gwiwoyin da ba su son lanƙwasa, har fuskarsu ta yi daidai.

"Kin san ni?"

"Gwaggo Dijatu."

"Sadiyatu jikar wa ta?"

"Taki."

"To ni nika gaya miki. Innarki ba ta ƙone kowa ba. Ƙarya munka yi mata, ni da mutanen ga duka. Ni na hwasa mata kai gabanki, kin gani da idonki. Laihina na, ba nata ba." Ta nuna Kulu da hannu. "Tahi wurin uwarki."

Lantana ta dubi tsohuwar, ta dubi taron, babu wanda ya iya haɗa ido da ita. Ta taka a hankali. Da ta isa, ta sa yatsa ta taɓa kumburin fuskar uwarta, sannan ta faɗa jikinta ta fashe da kukan da ta daina tun kwana biyar. Kulu ta kwance zanen da ta yafa, ta goya ta, ko da yake ta wuce goyo, ƙafafun yarinyar suna kaiwa har cinya.

"Kulu," in ji Dijatu daga inda take durƙushe, "ki gahwarce ni."

Sai da ta maimaita, don ta wajen kunnen hagu ta yi maganar. Kulu ta juyo da ɗaya kunnen.

"Gwaggo, ke ma rashi kinka yi. Allah shi gahwarta muna duka."

Ta shiga ƙofar gari da 'yarta a baya, maza suna matsawa gefe suna ba ta hanya. Haƙurinta ya mayar mata da abin da ta roƙa, har da wankewar da ta ce ta yafe. Kunnen hagun dai bai sake ji ba har ƙarshen ranta. Lantana ta girma a ɗakin nan, ta yi aure daga cikinsa, kuma duk wanda ya san su ya san ba ta zama ko'ina sai a damar uwarta.